Metur Laminu da Itatuwan da Suka Mutu a Takarda

A gona aka haifi Laminu, tsakiyar damina, ranar da uwarsa Ɗela ta kai wa masu noma fura naƙuda ta kama ta a gindin wani gawo. Duk Garin Usaini, ƙauyen nan da ke gabas da Dogo-Dogo, babu wanda bai san labarin ba. Mutum ɗaya ne ba ya son jin sa, shi ne Laminun. In aka tambaye shi inda aka haife shi sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Yankin Damagaram," kai ka ce yankin Damagaram ɗaki ne guda mai gado da fanka.

Tun yana ƙarami aka san ba za a ci tuwon nomansa ba. Da ubansa Malam Zakariya ya miƙa masa hauya sai ciki ya murɗa masa. Da an sauke tukunya kuwa sai cikin ya warware da kansa, ba jiƙo ba rubutu. Yayansa Jibo ne ya bi uban gona. Shi Malam Zakariya yana cikin mutanen farko da suka daina tumɓuke tohon gawo lokacin sassabe. In ya ga ɗan tsiro sai ya zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mutane suka ce lalaci ne, mutum ya kasa share gonarsa. Da shekaru suka ja aka ga hatsin gindin itatuwan nan ya fi na kowa tsawo da kaurin zangarniya, sai gari duka ya kamu da irin wannan lalacin. Ranar da tsohon ya rasu ya bar gawo sittin da uku a gona guda. Jibo ya san kowanne da kamanninsa da halinsa. Laminu kuwa ya san dai itace ne.

Lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta cece shi daga hauya. Ya yi Magariya, ya yi Zinder, ya wuce Yamai karatun shari'a. Karatun shekara uku ne, shi ya yi shida, ya ce so yake ya nuna sosai. Sau biyu ya zauna jarrabawar zama lauya, sau biyu aka manna sunaye a bango ya bi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake biyowa daga ƙasa har sama. Ya ce mai buga sunayen ce ke jin haushinsa. Daga ƙarshe ya dawo Magariya da baƙar kwat ɗaya, da karabat biyu na ɗaurawa a wuya, da jaka mai makulli wadda makullin ya ɓata tun a tasha. Ya kafa tebur a gindin dogon yaro daura da gidan shari'a, yana rubuta wa mutane ƙara da Faransanci: akuyar wane ta ci waken wane, wane ya matsar da iyakar gona taku biyu. Dala ɗari biyu takarda, in da tambari dala ɗari uku. Ya kuma kafa doka cewa Metur za a riƙa kiran sa, laƙabin da ake kiran lauyoyi na gaske da shi. Wanda ya ce Laminu kawai, sai ya yi kamar da dogon yaron ake magana.

Shekara huɗu yana nan, kwat tana koɗewa daga baƙi zuwa kalar toka. Sai rannan wani lauya da aka gayyata taron bita na kwana uku a Zinder ya ji ƙyuya, ya tura Laminu ya cike masa kujera. A can ne ya fara jin ana cewa dokar yanayi. Wani mai jawabi ya bayyana musu cewa masana'antun manyan ƙasashe na tuttuɗa hayaƙi sama, duniya na ƙara zafi, itatuwa kuma suna shanye hayaƙin nan. Saboda haka masu hayaƙi za su riƙa biyan masu itatuwa don su bar su a tsaye, kuma ba a yin wannan ciniki sai da lauya mai rubuta yarjejeniya. Ya ce aikin gobe ke nan, wanda ya shiga da wuri shi zai ci. Zancen zafin duniya Laminu bai riƙe ko ɗaya ba, barci ma yake yi a wajen. Amma "shi zai ci" ɗin nan ta tashe shi zaune.

Ya dawo da takardar shaida, da hular rana mai hoton ganye, da ɗan kile, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a ordinata, wato kwamfuta, cike da samfurin yarjejeniyoyi. Kafin sati ya buga kati: Metur Laminu Zakariya, Masanin Dokar Yanayi. 'Yan kabu-kabun da ke fakewa a inuwarsa suka karɓi kati ɗaya suka yi ta juya shi.

"Lauyan Hayaƙi! Yau nawa tiya?"

"In babur ɗina ya yi hayaƙi, ni zan biya ko ni za a biya?"

"Ku jahilai ne," in ji shi, yana kaɗe ƙura daga hannun kwat. "Nan da shekara biyu sai kun cike takarda kafin ku gan ni."

Abin haushi, sai ga shi maganar tasa ta fara kama da gaskiya. Wani kamfani mai ofis a Yamai ya ga hotunan yankin daga sama, ya ga gonakin Garin Usaini da ƙauyuka uku na kewaye cike da gawo, ya aiko lauyarsa, wata doguwar mace mai tabarau da ake kira Madam Balki. Ta ce za su biya manoma kowace shekara har shekara ashirin muddin itatuwan na raye. Ta ce kuma ƙa'idarsu ita ce manoma su kawo nasu masanin doka ya rubuta yarjejeniyar, don kada a ce mai saye ne ya rubuta wa kansa. Maigari ya ce ai abin a gida yake, suna da ɗa. Dattawa suka zauna suka yanke cewa kuɗin shekarar farko ba za a raba ba, rijiyar foraj, wato ta burtsatse, za a haƙa, domin rijiyar gari tana ƙafewa tun watan uku, mata sai sun yi tafiyar awa biyu da jarka.

Jibo ne kaɗai ya sosa ƙeya. Ya ce, "Laminu dai namu? Wanda aka aika ya ɗaure jaki ya ɗaure igiya ya bar jakin?" Aka ce ya yi shiru, hassada ba kyau tsakanin 'yan'uwa.

Rubuta yarjejeniyar bai ci wa Metur yini ɗaya ba. Ya shiga shagon fotokofi na bakin kasuwa, ya soka kile, ya zaɓi wadda ta fi kowace yawan shafi, domin a ganinsa doka da nauyi ake gane ta. An yi ta ne don wata ƙasa ta bakin teku inda ruwa ke zuba wata tara a shekara. Duk inda ya ga sunan garinsu sai ya goge ya sa Garin Usaini, duk inda ya ga sunan icensu sai ya sa gawo. Shafi ashirin da biyu. Bai karanta tsakiya ba, don mai shagon na jiran kujerarsa. Madam Balki ta duba ta ga babu abin da ya cuci kamfaninta, ta sa hannu.

Ranar dangwala yatsa cikin watan uku ne, rana kamar ta fasa kai, amma gawon bakin gari ya yi lif da ganye, mutum ɗari da arba'in suka zauna a inuwarsa ba wanda ya yi gumi sai mai kwat. Laminu ya hau benci ya karanta takardar nan da Faransanci tun daga shafin farko har na ƙarshe, awa ɗaya da kwata. Yana karantawa yana sauraren muryarsa, yana jan kalmomi ta hanci, yana satar kallon Madam Balki ko ta lura. Ma'anar abin da ke fita daga bakinsa kuwa, shi da tsofaffin da ke gyangyaɗi a gabansa duk ɗaya.

Da ya gama Jibo ya ɗaga hannu. "To, Laminu, mun ji daɗin waƙar. A juya mana da Hausa."

"Yaya, a gaban baƙi Metur ake cewa."

"To Metur na Inna, a juya mana."

"Doka ba ta juyuwa. In aka sa ta a Hausa ƙarfinta zubewa yake. Abin da ta ce a taƙaice, ku bar itatuwa, a ba ku kuɗi."

"Duk wannan tulin, abin da ta ce ke nan? Ai da ka bari na faɗa, da tuni mun ci abinci."

Aka yi dariya. Daga wajen mata Ɗela ta ɗaga murya, domin ita ma tana da 'yar gayaunarta mai gawo bakwai. "Ɗan nan, awaki fa? Za su ci gaba da cin 'ya'yan da ke faɗowa?"

Laminu ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. "Inna, maganar duniya ake yi, ke kina maganar awaki."

Haka aka bi layi, kowa ya dangwala babban yatsa a tawada ya dangwala a takarda. Jibo ya dangwala na ƙarshe, yana kallon ƙanen nasa, ya goge yatsan a gefen bencin da ya hau.

Daga nan duniya ta buɗe wa Metur. Kamfani ya ba shi babur da ɗan albashi a matsayin mai ba da shawara, aka kuma yi masa alkawarin ƙauyuka goma sha biyu na wajen Guci in wannan ta yi kyau. Ya sayi sabuwar kwat. Ya sa aka rubuta allo aka rataya a jikin dogon yaro. Tsofaffin masu ƙarar akuya ya ce su riƙa zuwa ranar Laraba kawai. Ƙauye kuwa bai sake takawa ba, ko gaisuwar Salla ta wayar salula ya yi ta, ita ma a gurguje, wai yana cikin taro.

Wasiƙar ta zo ne tsakiyar watan tara. Ya buɗe ta a gaban 'yan kabu-kabu da niyyar su ga tambarin, sai suka ga fuskarsa ta zube. An ɗauki hoton gonakin daga sama ranar sha biyar ga watan takwas, kamar yadda aya ta goma sha biyu ta tanada. Cikin itatuwa dubu huɗu da ɗari biyu, dubu uku da ɗari tara ba ganye ko ɗaya. Ayar ta ce itacen da ba shi da ganye ranar dubawa matacce ne. In matattu suka wuce kashi ɗaya cikin uku, yarjejeniya ta rushe, kuma za a miƙa sunayen manoma ga ma'aikatan gandun daji, tunda gawo ice ne da hukuma ta hana kashewa. An ba da kwana goma sha biyar a kawo bayani.

Bai ko kulle jaka ba, da ma ba ta kulluwa. Ya hau babur ya nufi Garin Usaini ta cikin taɓo, karabat na kaɗawa a kafaɗa, yana zage-zage shi kaɗai. Ƙauyawa! An kawo musu arziki har gida sun sa gatari! Ya tarar da Jibo a gonar ubansu, hatsi ya fi mutum tsawo, zangarniya ta sunkuyo. Ya ɗaga kai. Ga su nan sittin da uku, rassa farare ƙayau, ba ganye ko na magani.

"Kun kashe ni! Yaya, kun kashe ni! Me kuka zuba musu? Ɓawon kuka ɓare ko wuta kuka sa a gindi?"

Jibo ya jingina da hauya ya dube shi, ya dubi itatuwan, ya sake duban sa. "Wa ya mutu?"

"Itatuwa mana! Ba ka da ido? Ga takarda, daga sama aka gani!"

Jibo ya juya ya ƙwala kira, "Inna! Zo ki ji abin da kuɗin awakinki suka sayo a Yamai!"

Ɗela ta fito daga cikin hatsi da ƙwaryar yakuwa a hannu. Jibo ya maimaita mata. Tsohuwa ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta kama haɓa.

"Ɗan nan, da gaske kake ko wasa? Gawo ne fa. Yaushe ka taɓa ganin gawo da ganye da damina? Da ruwan fari yake kaɗe shi ya ba hatsi rana da taki, in an yi girbi ya mayar da abinsa. In ba haka ba don me ubanka zai bar shi a tsakiyar gona? Ka ga wancan mai karkataccen reshe? A gindinsa na haife ka, cikin watan takwas. Na nemi inuwa ban samu ba, sai zanena ƙawata Hinda ta rataya a reshe ta kare mu. Abin da ka fara gani a duniya ke nan, gawo tsirara. Shi ne yau ka zo kana yi masa ta'aziyya?"

Laminu ya dubi gawon mai karkataccen reshe. Abin ya dawo masa gaba ɗaya, har da ranakun da yake ɓuya daga noma yana neman inuwa a gonar nan bai samu ba. Da ma ya sani. Takarda ce ta ce sun mutu, shi kuwa tun da ya shiga lakwal bai taɓa gaskata idonsa a kan takarda ba.

"Wane mara hankali ne ya ce a ƙirga gawo da damina?" in ji Jibo.

Laminu ya ce zai bincika.

A kan hanya ya tsaya inda waya ke kamawa ya kira Madam Balki. Ya yi mata bayani da dogon Faransanci, ta saurara har ya gaji.

"Na gane," in ji ta. "Ni a Yamai aka haife ni, a kan siminti, ban san halin icenku ba. Kai aka ɗauko don ka sani. Yanzu hanya biyu ce. Ko manoma ne suka karya yarjejeniya, ko yarjejeniyar ce aka rubuta ba daidai ba. In ta biyun ce, wanda ya rubuta ya ba ni a rubuce da hannunsa cewa kuskurensa ne. Sannan a tara waɗanda suka dangwala, a karanta musu da harshen da suke ji, a gyara, su sake dangwalawa. Ba ni da wata ƙofa ta shigar da gyara sai wannan."

"Ba za a ce na'urar ɗaukar hoton ce ta yi kuskure ba?"

"Na'ura ta ga ice ba ganye, ta ce ba ganye. Ina kuskurenta?"

"To a ce sauyin yanayi ne ya kaɗe ganyen bana."

"Sai a rubuta su marasa lafiya a cire su. Metur, kada ka ɓata min lokaci. Kuma gara ka ji daga bakina: in ka rubuta takardar nan, manyana ba za su bar maka babur ba, balle ƙauyukan Guci."

"In ban rubuta ba fa?"

"Garin Usaini ta fita, kai kana nan."

Kwana goma sha ɗaya Metur yana juya wannan magana a gindin dogon yaro. Kada a yi masa ƙarya a ce bai yi tunanin yin shiru ba, ya yi, har ya tsara yadda zai faɗa. Zai ce ƙauyawa ne suka sassaƙe ɓawon don magani, wa zai zo daga Yamai ya duba? A ƙauyuka goma sha biyun can sai ya gyara ayar a ɓoye, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Rijiya kuwa, ai mata sun saba da tafiyar, ƙafa ma tana son motsi. Sau uku Jibo na kira yana kashe wayar.

Ranar ta goma sha biyu, ranar kasuwar Magariya, sai ga Jibo ya sauko daga motar ƙauye. Ya zo ya zauna a bencin masu ƙara, ya jira layi kamar kowa. Da aka zo kansa ya zaro wani ɗan reshe daga aljihu ya ɗora a kan tebur. A jikin ƙayoyin ga wasu 'yan ƙananan toho kore shar, sun fara leƙowa.

"Ga ɗaya daga cikin mamatan, ya ce a gaishe ka."

'Yan kabu-kabu suka matso, har da wanda ya sauke fasinja a tsakiyar hanya.

"Yaya, nan wurin aiki ne."

"Aikin na zo. Maigari ya sa malamin lakwal ya karanta mana kwafin wasiƙar. Mun ji zancen gandun daji. Inna ce ta aiko ni da tambaya, tunda kai ne masanin doka. Ta ce in sun zo kamun, ita za ta fara shiga mota ko ni? Tana son ta sani ne don ta yi wanki, kada ta je gidan kaso da zane mai datti ta kunyata ka."

Ba wanda ya yi dariya. Jibo ya tashi ya kaɗe riga ya tafi, ya bar reshen a kan tebur.

Har yau ana gardama a kan abin da ya motsa Metur. Wasu sun ce zanen uwarsa ne. Wasu sun ce ya lissafa ne ya ga ba zai sake iya ratsa kasuwar Dogo-Dogo da haƙoransa cikakku ba. Ko ma mene ne, ya ɗauki biro ya rubuta layi huɗu. Takarda mafi gajarta da ya taɓa rubutawa ke nan, kuma ita ce ta farko da ya karanta sau biyu kafin ya sa hannu.

Aka taru a gindin gawon bakin gari, wannan karon ba inuwa, kowa na fifita da hula. Madam Balki ta zauna a kujera da littafi a cinya. Laminu ya nufi benci zai hau, maigari ya ce a ƙasa ma ana jin sa. Ya buɗe shafi na goma, ya yi gyaran murya, ya fara da Hausar da ya ce ba ta ɗaukar doka.

"Kowace shekara, a tsakiyar watan takwas, lokacin da... lokacin da kowane ice ke cike da ganye, za a duba gawo. Wanda aka samu ba ganye, ya mutu."

Sai tsohuwa Hinda, wadda ta rataya zane ranar haihuwarsa, ta kama kunne ta ce, "Ban ji ba, ɗana. Sake."

Ya sake. Wani daga baya ya fashe, sai gaba ɗaya wurin ya ɗauka. Tsofaffi na share hawaye da bakin rawani, mata na dafa juna. Hinda ta ce wallahi har yanzu ba ta ji ba, ya sake na uku.

Maigari ya ɗaga sanda aka lafa. "Wa ya rubuta wannan?"

"An ɗauko ne daga wani samfuri na ƙasa da ƙasa wanda..."

"Wa ya ɗauko?"

Laminu ya dubi takalminsa. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To. Ci gaba. Tunda bakin ya buɗe, karanta mana duka."

Nan fa aka ga abin da suka dangwala wa yatsa. Aya ta sha biyar ta hana kowace dabba shiga gonar da ke da itacen, rani da damina. Ɗela ta zuba masa ido, ya sauke kai. Aya ta sha bakwai ta hana yanke ko da reshe ɗaya, Jibo ya ce to icen da ba a rage wa reshe ba ta yaya zai miƙe, kuma tumaki me za su ci a watan biyar? Aya ta sha tara ta hana manoman Garin Usaini kamun kifi da ɗaure kwalekwale a bakin kogin da ya ratsa gonakinsu. Wani ya roƙi Metur don Allah ya nuna musu inda kogin yake, su daina wahalar rijiya.

Tun hantsi ake abu ɗaya har la'asar. Laminu ya karanta, manoma su yi gardama, su faɗi yadda abin yake a gona, shi ya mayar wa Madam Balki da Faransanci, ta ce wannan zai yiwu, wannan sai an rage. Aka mayar da ƙirga watan biyu, lokacin da gawo ke cike da ganye. Aka bar awaki su ci 'ya'yan da suka faɗo. Aka yarda a rage reshe ɗaya cikin huɗu, ban da kan icen. Shafi ashirin da biyu suka koma shida. Gumi ya jiƙa sabuwar kwat har ya cire ta ya rataya a reshe. In ana neman ranar da Laminu ya yi aikin lauya a rayuwarsa, ranar ce, kuma a ranar ba wanda ya kira shi Metur.

Da aka zo dangwalawa Ɗela ta riƙe yatsanta a sama. "Ka tabbata babu sauran kogi a ciki?"

"Babu, Inna."

Sannan ta dangwala.

Babur ya koma Yamai a bayan mota kafin ƙarshen wata. Ƙauyukan Guci aka ba wani. Cikin watan biyu aka sake ɗaukar hoto, itatuwa dubu huɗu da ɗari biyu duk suka tashi daga matattu, kafin azumi kuma injin haƙa ya shiga Garin Usaini. Ranar da ruwa ya fito an aika wa Laminu, ya ce yana da taro.

Yana nan a gindin dogon yaro, Laraba da ba Laraba ba, akuya da wake, dala ɗari biyu takarda. Allon bai sauke ba. Jefi-jefi wani maigari kan zo daga wajen Guci ko Dungas da yarjejeniyar itatuwa a cikin leda, ya ce an ce masa a nan ne ake karanta wa mutum da Hausa, kuma mai teburin ya san inda shirme ke ɓuya tunda ya taɓa ɓoye shi da kansa. Laminu yakan yi kamar bai ji rabin na biyun ba. Yakan gyara karabat ya ce, "Ka zo wurin da ya dace. Ni ne na gano kuskuren aya ta goma sha biyu a Garin Usaini. Ba don ni ba da yanzu ba su da ruwa."

'Yan kabu-kabu ba sa katse shi, jira suke damina ta faɗi. Da an yi ruwan fari da sati biyu, sai ɗayansu ya taho a guje daga hanyar Dogo-Dogo, ya ci burki a gaban tebur, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Metur, sai haƙuri. Sun sake mutuwa."